Muryar Gwaggo Da Haƙoran Fiyano

Yau ba zancen kishiya na kawo muku ba, ba kuma na girki ba. Zancen kunne ne. Abin da ya jawo shi kuwa wani abu ne da ya faru lokacin bikin 'yar yayata, wanda har yanzu in na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini a ƙirji.

Kun dai san yadda biki ya koma, in ba a yi wa amarya waƙarta ta situdiyo ba, wadda za a ambaci sunanta da na ango da na ƙawaye, to kamar ba a yi bikin ba. Sai ƙannenmu maza suka kawo shawara, suka ce tunda Gwaggo tana nan da ranta, kuma duk unguwa an san babu mai muryarta wajen waƙar kamu da ta wankan amarya, me zai hana a kai ta ta sa baki ko da baiti biyu ne, ya zama abin tunawa? Da ƙyar ta yarda. Ni na raka ta. Muka shiga wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, aka ɗora mata abin sauraro a kunne bisa ɗankwali, wani yaro da bai wuce sa'an jikanta ba yana zaune gaban fiyano da kwamfuta. Ta ɗauko waƙa. Ba ta yi nisa ba ya ɗaga hannu.

"Hajiya, ki yi haƙuri, kina sauka daga kan kiɗan. A sake."

Ta sake, ya kuma tsayar da ita. A karo na huɗu sai ya ce, "Ba komai Hajiya, a bar shi haka nan, zan gyara a kwamfuta."

Ya kuwa gyara. Ranar da aka kawo waƙar aka kunna a tsakar gida, Gwaggo ta kasa kunne har aka kai ƙarshe, sannan ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, wace ce wannan mai maƙe murya? Ina nawa baitin?" Gida ya ɗauka da dariya, ni ma na yi. Amma da dare muna kwashe kwanuka sai 'yata, yarinya 'yar shekara 14, ta ce da ni, "Ai Umma gara da aka gyara, Gwaggo ba ta iya bin kiɗa ba."

Wannan maganar ce ta hana ni barci. Matar da ta shekara hamsin tana sa amare kuka da muryarta, ita ce yau ba ta iya ba? Ban ce tsufa bai taɓa muryar ba, ya taɓa, numfashinta ya ragu. Amma wurin da yaron nan yake tsayar da ita wuri ɗaya ne kullum, kuma a nan take ajiye muryar tun ina yarinya. Wanda ya yi kuskure ba ya maimaita shi daidai wa daida har sau huɗu. Inda take nufi ke nan. Fiyanon ne ba shi da wurin.

Bari in yi muku bayani a hankali, domin kuwa abin ba shi da wuya. In babban mutum da ƙaramin yaro suka rera waƙa ɗaya tare, muryar yaron tana sama ta babban tana ƙasa, amma kunne yana jin abu ɗaya suke faɗa. Nisan da ke tsakanin muryoyin nan biyu, mu kira shi zango guda. To Turawa sai suka ɗauki wannan zango suka yi masa tsani mai matakala 12, tazararsu daidai da juna. Su ne haƙoran nan da kike gani a jikin fiyano, farare 7 baƙaƙe 5, in sun ƙare a sake maimaita su. Daga haƙori zuwa wanda ke manne da shi ana kiransa rabin taki, in kin tsallake ɗaya kin yi cikakken taki. Tsakanin haƙori da haƙori kuwa babu komai. Ko ki danna wannan ko ki danna wancan.

Amma murya ba tsani ba ce, gangare ce. Babu inda ba za ta iya tsayawa ba. A 1885 wani Bature ɗan Ingila mai suna Alexander Ellis ya fitar da ma'aunin da har yau ake amfani da shi, ya raba zango gida 1,200, kowane gida ya kira shi senti (ba santi na cin tuwo ba, ko da yake wannan ma zai zo). Ke nan daga haƙori zuwa haƙori akwai senti 100, kuma kunnen da ya saba yana rarrabe bambancin da bai kai senti 20 ba. Kin ga ashe a cikin 'yar tsagar nan da ko allura ba ta shiga, akwai wurare da dama da mai waƙa za ta iya ajiye muryarta mai sauraro ya ji bambanci. Su kansu Turawan sun san tsanin nasu sasanci ne aka yi don sauƙin makaɗi. Akwai wata tazara da suke yawan amfani da ita wadda kunne ya fi so a senti 386, amma fiyano yana ba da ita a 400, aka haƙura aka saba.

Misalinsa kamar mai awo ne da ba shi da ma'auni sai mudu da rabin mudu. Wajen gero da dawa babu laifi. Amma ki ce ya auna miki gishirin miya da shi, ki ga. Kowace mace ta san abin da ke raba miyar da za a yi santi da wadda za a ture, ɗan abin da take tsunkulowa da yatsa uku ne.

Mu kuwa ai da wannan tsunkulen muka tashi. Ki dubi goge. Tsarkiyarsa izgar doki ce, babu wata alama ko gaɓa a jikinta da ke cewa nan za ka taɓa, ɗan yatsa ne kawai da kunne. Wadda ta taɓa jin gogen Garba Liyo ko kukumar Hassan Wayam ta san yadda abin yake kuka kamar mutum, ya ja sauti ya lanƙwasa shi kafin ya sake shi. Gurmin Haruna Uji haka, kuntigin Ɗan Maraya Jos haka, duk babu gaɓa. Kalangu kuwa ya fi su duka, domin makaɗi yana matse tsarkiyoyinsa a hammata bayan ya riga ya buga, sai sautin ya hau ko ya gangaro yana cikin tafiya. Da haka kalangan Shata suke magana har a gane abin da suka ce. Kai, ko maganarmu ta yau da kullum haka take. Ki faɗi "kai" na kiran namiji, sannan ki faɗi "kai" wanda ake yi wa kitso. Na farkon a tsaye yake, na biyun zamowa yake yi daga sama zuwa ƙasa, kuma a cikin zamowar nan ya ratsa duk wuraren da fiyano ba shi da su.

Sai dai kada in ɗora wa kanmu abin da ba namu ba. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan matakala biyar suke tafiya, abin da muke da shi shi ne zamiya, da kuma ajiye murya ɗan sama ko ɗan ƙasa da inda fiyano ya yanka. Waɗanda suka mai da tsakanin haƙora gidan zama, suka ba kowane lungu suna, suka rubuta littattafai a kai, Larabawa ne da Turkawa da Farisawa. Kuma wajensu nake so mu ɗan daɗe, don a can ne za ki ji abin ƙuru-ƙuru.

Su Larabawa tsarin muryarsu sunansa maƙam. Akwai waɗanda fiyano zai iya bi, kamar Ajam da Nahawand da Kurd. Akwai kuma waɗanda ba zai iya ba ko zai kwana yana dannawa, kamar Rast da Bayati da Saba da Sika, domin a cikinsu akwai matakalar da take zaune a tsakiyar tsagar nan, wajen rubu'in taki daga kowane haƙori. Kada ki ce ba ki san su ba, kin sani, sunan ne dai ba a gaya miki ba. Na san karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, kuma ba na haɗa su, amma maƙogwaro ɗaya ne, kunne ma ɗaya ne. Makarantan Masar irin su Abdulbasit Abdussamad da Minshawi, in za su yi karatun nan mai ja a gaban jama'a, bisa al'ada da Bayati suke buɗewa, su zaga, su dawo su rufe da shi. Matakala ta biyu ta Bayati ba rabin taki ba ce, ba kuma cikakke ba, wajen kashi uku cikin huɗu ce. Wannan sanyin da yake sauko miki a zuciya tun malamin bai yi nisa ba, har da hannun wannan 'yar tazarar a ciki. Kunnenki ya shekara da shekaru yana shanta a rediyo da azumi.

To a fagen waƙa, wadda nake so ki nema ki saurara ita ce Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975. 'Yar limamin ƙauye ce, da karatun allo da yabon Annabi ta fara, mahaifinta yana sa mata kayan maza in za su fita rerawa. Da ta shahara, daren Alhamis ɗin farko na wata ya zama nata, ana watsa wasanta kai tsaye a rediyon Alƙahira, ƙasashen Larabawa su yi tsit. Waƙoƙinta biyu zan ɗora a sikeli, don su ne suka fi nuna abin da nake nufi.

Ta farko Inta Umri, ta 1964, wadda Muhammad Abdulwahab ya yi wa kiɗa. Ita ce aka fi sani a duniya, kuma ba mamaki. Abdulwahab mutum ne mai son kayan zamani, har jita mai lantarki ya shigo da ita cikin makaɗan, ya kuma gina mafarin waƙar a kan Kurd, wanda duk matakalarsa tana kan fiyano. Shi ya sa kowane mai fiyano a kowane otal yake iya kaɗa buɗewarta, a kuma gane ta nan take. Tana da daɗi, ban musa ba, irin daɗin da yake kama mutum tun jin farko. Amma ni a ganina kiɗan ya yi ado da yawa, ya daɗe yana nuna kansa kafin a ba mai waƙa fili, kamar amaryar da aka tsaya kallon lefenta aka manta da ita.

Ta biyu Al-Atlal, ta 1966. Ma'anar sunan kufai, wato gidan da aka tashi aka bari. Wani likita mai suna Ibrahim Naji ne ya rubuta baitocin, ya kuma rasu tun kafin a rera su, Riyad Sunbati ya yi kiɗan. Shi Sunbati ya ɗora ta a kan wani maƙam daga dangin Sika, kuma a nan abin yake. A sauran maƙamai, sautin tsakanin nan baƙo ne, ana bi ta kansa a wuce. A dangin Sika kuwa shi ne maigida. A kansa ake kafa waƙa, a kansa ake dawowa a huta. Wato dai inda waƙar take kwana, babu shi a jikin fiyano sam. In mai fiyano ya ce zai bi ta, to ko ya ajiye ta a haƙorin sama ta zama waƙar murna, ko ya ajiye ta a na ƙasa ta zama wata aba dabam, ko ta yaya dai ba ita ba ce.

Ki saurare ta da dare bayan yara sun kwanta. Ba sai kin ji Larabci ba, ni ma ba duka nake tsinta ba, don Larabcin littafi ne. Ki lura da ƙarshen kowane baiti, inda muryar take saukowa za ta zauna. Kunnen da ya saba da waƙar fiyano zai ji kamar ba ta ƙarasa sauka ba, kamar saura ƙiris. Za ki yi ta jiran ta ƙarasa, ba za ta ƙarasa ba, don ta riga ta iso. Wannan ratayar ita ce waƙar. Mutum ya dawo kufan gidan da ya yi soyayya, ya tsaya, bai shiga ba bai juya ba. Ba baitocin kaɗai suke faɗin haka ba, sautin da kansa yana faɗa. Sannan ki lura in ta maimaita baiti, ba ta maimaita shi iri ɗaya. Wannan karon ta faɗo wa sautin daga sama, wancan karon ta lallaɓo masa daga ƙasa, wani karon ta tsaya a kansa tana ɗan girgiza shi har sai 'yan kallo sun ɓarke da ihu a sake. A 1967 ta rera ta a birnin Faris, a zauren Olympia.

Laifinta? Akwai. Tsawo. Ba ta ƙarewa a ƙasa da rabin awa, wani zaman ma ta doshi awa guda, kuma mace mai tukunya a wuta da goyo a baya ba kullum take da wannan sararin ba. Ihun 'yan kallon ma wani lokaci yakan kai mutum wuya, kina cikin nutsuwa wani ƙato ya kwarma. Kuma jin farko ba lalle ta kama ki ba, ni sai a na uku ta shige ni. Amma in aka ce in zaɓi ɗaya in bar ɗaya, Inta Umri zan bari, ko da kuwa ita ce mai farin jini.

Kada ki zaci su Larabawan ba su yi rigimar da nake yi ba. Sun yi, har da taron ƙasa da ƙasa. A 1932 Sarki Fu'ad na Masar ya tara masana kiɗa a Alƙahira, daga ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Turai, har da manyan Turawa irin su Bela Bartok. Cikin abin da aka yi ta ja a kai akwai shawarar a raba zango gida 24 daidai wa daida, wato a yanka kowane rabin taki biyu, dabarar da wani masani ɗan Labanan, Mikha'il Mishaƙa, ya rubuta tun a ƙarni na 19. An kuma yi gardama a kan ko fiyano ya dace da kiɗansu. Aka watse ba a daidaita a kan rabon ba, saboda da aka auna makaɗa na gaskiya sai aka tarar ba a kan 50 cif suke tsayawa ba. Sautin tsakanin da ke cikin Rast ya ɗan fi na Bayati tsayi, alhali a takarda alama ɗaya ake yi musu. Na mutanen Sham ya ɗan fi na Misirawa tsayi, na Turkawa ya fi duka. Kamar dai Hausar Kano da ta Sakkwato, da jin bakin mutum kin san garinsu. Yanzu kamfanoni irin su Yamaha da Korg suna ƙera fiyano na musamman don kasuwar Larabawa, mai wasu madannai a gefe da ake taɓawa a sauko da haƙori rubu'in taki. Ya rage zafi, amma duk da haka haƙorin inda aka ajiye shi nan yake, ba ya numfashi.

Indiyawa ma, da muka fi sabawa da su, sun sha wannan. Tsofaffin littattafansu na kiɗa sun ƙirga ƙananan tazara 22 a cikin zango, suna kiransu shuruti, kuma har yau malamansu suna gardama a kan inda kowanne yake. Da harmoniyam ya shigo musu daga Turai, ɗan akwatin nan mai haƙora da ake zuga wa iska da hannu ɗaya, sai manyansu suka ce yana kashe kunne, har gidan rediyon gwamnatin Indiya ya hana sa shi daga 1940 zuwa 1971. Bai mutu ba dai, yana nan ko'ina. Amma mawaƙansu ba su yarda ya zama alƙali a kansu ba. Ki tuna muryar Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, wadda iyayenmu da mu kanmu muka haddace waƙoƙinta ba tare da jin kalma ɗaya ba. Ba ta tsalle daga sauti zuwa sauti, silalowa take yi kamar an zuba mai a faranti. To da 'yan fim ɗinmu suka fara aron karin waƙoƙin Indiya a shekarun 1990, wannan silalowar ce mafi yawansu suka bari a can. Suka ɗauko ƙashin suka bar naman. Shi ya sa za ki ji waƙa ki gane ta wane fim ce, amma ba ta yi miki abin da ta asalin take yi ba.

Nan na zo kan waƙoƙinmu na situdiyo, kuma zan yi adalci. Fiyano ya yi mana rana. Da can in kana son kiɗa sai ka tara makaɗa da 'yan amshi ka ciyar ka sallama, yanzu yaro ɗaya a ɗaki ɗaya ya wadatar. Ya ba matasa sana'a, ya ba 'yan mata masu murya hanyar yin waƙa ba tare da sun bi dandali ba. Akwai kuma waƙoƙin da aka yi da shi masu daɗin gaske, ina da su a wayata, ina jin su ina wanki. Ba da fiyano nake faɗa ba. Abin da nake ƙi shi ne a juya al'amari. A wajen Barmani Choge, Allah ya ji ƙanta, ƙwarya ce take bin murya. A wajen Shata, kalangu ne yake bin baki. Yanzu kuwa an riga an gama kiɗa kafin mai waƙa ta iso, ita ce za ta lanƙwasa wuyanta ta shiga ramin da aka haƙa.

Abin da ya ƙarasa lalata lamarin shi ne manhajar gyaran murya. Wadda ta fi suna, Auto-Tune, ta fito a 1997, kuma wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, da aikin binciken man fetur a ƙarƙashin ƙasa ya fara, ki ji fa. Aikinta shi ne ta saurari murya, duk inda ta same ta a tsakanin haƙora biyu ta ja ta zuwa wanda ya fi kusa. Ana iya sassauta ta ta yi aikin a hankali yadda ba za a gane ba, ana iya gaya mata ta ƙyale wasu wurare. Ana kuma iya ɗaure ta tamau, ta riƙa fizgar muryar nan take, sai ki ji mutum yana waƙa kamar ta cikin bututun ƙarfe, yana karyewa gaɓa-gaɓa. To mu wannan ɗaurin tamau ɗin ne ya zame mana ado. Ita manhajar ba ta san bambancin kuskure da gwaninta ba. Wadda ta kauce don ba ta iya ba, da wadda ta lanƙwasa don ta iya, duk aski ɗaya take yi musu. Sakamakon shi ne ki kunna waƙoƙin biki goma ki kasa faɗin ko mace ɗaya ce ta yi su ko mata goma. Da kuwa ko daga bayan katanga aka ɗaga murya kin san ta gidan wane ce.

Ni ba asarar waƙa ce ta fi damuna ba, asarar kunne ce. Yaron da ya tashi bai taɓa cin miyar da aka daka kayanta a turmi ba, in an ba shi sai ya ce ta yi wani iri. Haka 'yata ta ji muryar Gwaggo ta ce ba daidai ba, don abin da ta saba ji tun tana goye an riga an goge masa duk wani lanƙwasa. Kuma mu mata abin ya fi shafa, domin waƙar reno da ta daka da ta niƙa da ta kamu, ba a makaranta ake koyonsu ba, ba a kuma rubuta su ba. Daga baki ne zuwa kunne. In kunnen ya daina ji, kalmomin za su rage, amma abin da ke sa amarya ta ja mayafi ta rufe fuska ya tafi.

Bayan bikin da kwana uku na koma wajen Gwaggo da la'asar, na kife mata ƙwarya a cikin ruwa, na ajiye wayata a kan tabarma na ce ta yi mini baitocin nan yadda take so. Ta ce, "Ba wanda zai ce in sake?" Na ce babu. Ta yi su. A cikin abin da na ɗauka akwai kukan akuya, akwai janareton maƙwabta, akwai inda tari ya sarƙe ta. Na sa a gida ina ta ji, ban ce wa kowa komai ba.

Ran nan Gwaggo ta zo mana yini, tana kishingiɗe a ɗaki, 'yata tana wanke-wanke a bakin rijiya, sai na ji yarinyar tana rera baitin a hankali. Da ta zo wurin nan sai ta miƙe shi sak, irin na situdiyo. Daga cikin ɗaki Gwaggo ta ɗaga murya.

"Ke, ba nan ba ne. Ɗan sauko."

Yarinya ta sake. "Haka, Gwaggo?"

"Kin zarce. Kaɗan na ce."

Ta kuma sakewa.

"To yanzu kuma kin koma inda kika fito. Ajiye kwanon nan ki zo nan."